Ko Kun Sani?

Wayar Tecno ko itel da ke aljihun ɗan kasuwa a Makarfi dangi ɗaya ce da kwamfutar Apple mai tsada. Firosesar da ke cikinsu, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin na'ura, an gina ta ne a kan tsarin kamfanin Arm na Ingila.

A da, tun daga 2006, kamfanin Intel ne ya riƙa sayar wa Apple firosesar kwamfutocinsa. A Nuwamban 2020 sai Apple ya fito da tasa, mai suna M1, wadda ke ɗauke da ƙananan makunnan lantarki biliyan 16, ya kuma kammala ƙaura daga ta Intel a 2023. Amma fa zane kawai yake yi. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ta, kamar manomin da ya kai rakensa injin wani a matse masa. Google ma ya bi sahu wajen zana tasa firosesar a wayoyinsa a 2021.

Abin da ya fi shafar mu shi ne caji. Irin wannan firosesa ba ta cin wuta sosai, ba ta kuma saurin ɗaukar zafi, har MacBook Air mai M1 ba ta da fanka ko ɗaya. Ga ɗalibi a Kudan ko Ikara, inda ake wuni ba wuta, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Mai sayen Mac ta hannu ya duba da kyau: manhajar macOS ta 2025 ce ta ƙarshe ga masu Intel.