Yadda korona ta dagula gasar ƙwallon gora ta jami'o'in Amurka

A ranar 10 ga watan Afrilun 2021 ne Jami'ar Massachusetts ta lashe kofin ƙwallon gora na kan ƙanƙara na jami'o'in Amurka, bayan da ta lallasa Jami'ar St. Cloud State da ci 5 da nema a birnin Pittsburgh. Wannan shi ne karon farko da jami'ar ta ɗauki kofin a tarihinta.

Sai dai kuma an kai ga wannan wasa ne bayan wata kakar wasanni da annobar korona ta yi wa kaca-kaca. Wasu jami'o'in sun ƙi shiga gasar baki ɗaya, wasu kuma an fitar da su ba tare da an doke su ba. Ga bayanin yadda al'amarin ya kasance.

Wane irin wasa ne wannan?

Ana yin wasan ne a cikin rufaffen zaure, a kan fili na daskararriyar ƙanƙara. 'Yan wasa kan saka takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa domin zamewa a guje, suna riƙe da sanduna masu lanƙwasa da suke bugun wani ɗan faifan baƙar roba da su. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili, har da mai tsaron gida, kuma ana raba wasan gida uku, kowanne minti 20.

Wasan ya fi karɓuwa a Kanada da kuma jihohin arewacin Amurka masu tsananin sanyi, irin su Minnesota da Michigan da Massachusetts da North Dakota. Hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, wato NCAA, ita ce ke shirya gasar zakarun maza tun shekarar 1948.

A lokacin da annobar ta ɓulla, ƙungiyoyi 16 ne ke shiga gasar. Waɗanda suka lashe kofunan rukunoninsu suna samun gurbi kai tsaye, sauran kuma wani kwamiti ne ke zaɓo su. Duk wanda aka doke sau ɗaya ya fita. Ƙungiyoyi huɗu da suka rage sukan haɗu a gari guda, a matakin da ake kira Frozen Four.

Ga ɗalibi, gasar ba abin wasa ba ce. A lokacin, shekaru huɗu kawai doka ta ba shi ya yi wa jami'a wasa, kuma a nan ne wakilan manyan ƙungiyoyin ƙwararru na gasar NHL ke sa ido a kan waɗanda za su ɗauka.

Shekarar da ba a yi zakara ba

A ranar 12 ga watan Maris na 2020, kwana ɗaya bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, NCAA ta soke dukkan gasanninta da suka rage. An shirya yin wasannin ƙarshe na maza a birnin Detroit, amma ba a yi ba. Tun da aka fara gasar, ba a taɓa tsallake shekara ba sai a wannan karo.

Jami'ar Cornell tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa ciwo, domin kuwa ƙungiyoyinta biyu, ta maza da ta mata, suna kan gaba a jerin gwanaye lokacin da aka dakatar da wasannin.

Duk da haka an ba da lambobin yabo na shekarar. Scott Perunovich, ɗan wasan baya na Jami'ar Minnesota Duluth, shi ne gwarzon maza, yayin da Élizabeth Giguère ta Jami'ar Clarkson ta zama gwarzuwar mata. An sanar da sunayen ne ba tare da taron jama'a irin na al'ada ba.

Waɗanda suka ƙauracewa kakar 2020 zuwa 2021

Bisa al'ada a watan Oktoba ake buɗe kakar wasa, amma a wannan shekara sai tsakiyar Nuwamba aka fara. Kafin nan, rukunin tsofaffin jami'o'in nan na Ivy League ya ce ɗalibansa ba za su yi wasannin hunturu ba. Hakan ya fitar da Harvard da Yale da Princeton da Brown da Dartmouth da kuma Cornell, wadda ta rasa damarta a karo na biyu a jere.

Jami'o'in Union da Rensselaer a jihar New York su ma sun janye, haka nan jami'o'i biyu na jihar Alaska. Daga cikin ƙungiyoyin maza 61 da ke babban mataki, 51 ne suka yi wasa. Rukunin ECAC, wanda ke da ƙungiyoyi 12, ya koma huɗu kacal.

Waɗanda suka zaɓi ci gaba kuwa, kowa ya nemi dabarar da za ta fisshe shi. Rukunin NCHC ya tara ƙungiyoyinsa takwas a birnin Omaha na jihar Nebraska a watan Disamba, inda aka killace su ana yi musu gwaji a kai a kai, suka yi wasanni kusan 40 cikin makonni uku a zaure guda.

Jami'ar Arizona State, wadda a lokacin ba ta cikin kowane rukuni, ta yi yarjejeniya da rukunin Big Ten. Sharaɗin shi ne duk wasanninta a waje za ta yi, don haka 'yan wasanta suka shafe makonni suna yawo daga wannan masauki zuwa wancan.

Matsalar zaɓen ƙungiyoyi

A shekarun baya, kwamitin zaɓe ya dogara ne a kan wani tsarin lissafi da ake kira PairWise, wanda ke gwada sakamakon kowace ƙungiya da na sauran. Amfanin tsarin shi ne kowa ya san matsayinsa tun kafin sanarwa, kuma ba a zargin kowa da son kai.

To amma lissafin yana aiki ne idan ƙungiyoyin rukunoni daban-daban sun kara da juna. A kakar korona kusan kowa ya tsaya ne a cikin rukuninsa domin rage tafiye-tafiye, saboda haka babu ma'aunin da zai nuna ko zakaran gabas ya fi na yamma ƙarfi. Dole 'yan kwamitin suka koma ga nazari da ra'ayinsu, abin da ya jawo gardama a tsakanin magoya baya.

An kuma kafa doka cewa da zarar wa'adin sauya ƙungiya ya wuce, duk wadda cutar ta hana ta wasa ta fita, abokiyar karawarta kuma ta wuce gaba.

Cin kofi yau, janyewa gobe

Jami'ar St. Lawrence ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. A ranar 20 ga watan Maris na 2021 ta doke Quinnipiac da ci 3 da 2 a ƙarin lokaci, ta ɗauki kofin ECAC tare da gurbin shiga gasar ƙasa. Washegari aka sanar cewa mai horar da 'yan wasanta, Brent Brekke, ya kamu da cutar, kuma jami'ar ta janye. Quinnipiac da aka doke ita ta gaji gurbin.

Janyewar ta buɗe wa Notre Dame ƙofa, aka saka ta cikin 16 ɗin. Amma kafin wasanta na farko a birnin Albany, gwaji ya nuna cutar ta shiga cikin tawagarta, sai Boston College ta wuce ba tare da ta yi gumi ba.

Haka ta faru da Michigan a birnin Fargo, inda aka sanar da fitarta a ranar da za ta yi wasa. Minnesota Duluth, wadda ta lashe kofin a 2018 da 2019, ita ta ci gajiyar wannan.

Wasan da ya ƙi ƙarewa

Hutun da Duluth ta samu ya yi mata rana. A ranar 27 ga watan Maris ta haɗu da North Dakota, wadda kwamitin ya ɗora a sahun farko, kuma ita ta riga ta yi wasa kwana ɗaya kafin nan.

Duluth tana gaba da ci 2 da nema har saura ƙasa da minti biyu a tashi, sai North Dakota ta rama duka biyun. A wasannin gasar ba a yin canjaras, ana ci gaba ne da ƙarin minti ashirin-ashirin har sai wani ya zura ƙwallo.

Sai da aka shiga ƙarin lokaci na biyar kafin Luke Mylymok ya ci wa Duluth. An shafe minti 142 da daƙiƙa 13 ana fafatawa, wato fiye da wasanni biyu cikakku, kuma ba a taɓa yin wasa mai tsawon haka a tarihin gasar maza ba. Mai tsaron gidan Duluth, Zach Stejskal, ya fita a ƙarin lokaci na huɗu saboda ɗaurewar jijiya, Ryan Fanti ya ƙarasa.

Yadda ta kaya a Pittsburgh

Uku daga cikin ƙungiyoyi huɗun ƙarshe 'yan jihar Minnesota ne: Duluth da St. Cloud State da Minnesota State. Ta huɗun ita ce Massachusetts. An ƙayyade yawan 'yan kallo zuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun zauren.

Ana saura 'yan kwanaki, dokokin bin sawun cutar suka hana 'yan wasan Massachusetts huɗu shiga wasan kusa da na ƙarshe. Cikinsu har da babban mai tsaron gidanta, Filip Lindberg ɗan ƙasar Finland, da Carson Gicewicz, wanda ya fi kowa ci mata ƙwallaye. Lamarin ya kai ga wani ɗalibi mai kula da kayan wasan ƙungiyar ne ya saka kaya ya zauna a matsayin mai tsaron gida na ko-ta-kwana.

Matt Murray ne ya tsare gidan, kuma Massachusetts ta doke Duluth da ci 3 da 2 a ƙarin lokaci. Ta haka ta rama kashin da Duluth ta ba ta a wasan ƙarshe na 2019. A ɗaya wasan, St. Cloud State ta fitar da Minnesota State da ci 5 da 4.

Lindberg ya dawo a wasan ƙarshe, bai bari an zura masa ko ɗaya ba. An zaɓi Bobby Trivigno a matsayin fitaccen ɗan wasan gasar. Ga kociya Greg Carvel kuwa, nasarar ta zo ne shekaru huɗu bayan kakarsa ta farko a jami'ar, inda ƙungiyar ta ci wasanni biyar kacal.

A ɓangaren mata, an tara ƙungiyoyi takwas a garin Erie na jihar Pennsylvania. Wisconsin ta doke Northeastern da ci 2 da 1 a ƙarin lokaci ranar 20 ga watan Maris, bayan da Daryl Watts ta bugo ƙwallo daga bayan raga, ta bugi wata 'yar bayan Northeastern ta faɗa ciki.

Lambobin yabo

Babbar lambar maza tana ɗauke da sunan Hobey Baker, tsohon ɗan wasan Princeton wanda ya zama matuƙin jirgin yaƙi, ya kuma rasu a haɗarin jirgi a Faransa a watan Disambar 1918. Tun 1981 ake ba da ita.

Cole Caufield na Wisconsin ne ya samu ta 2021, bayan ya ci ƙwallaye 30 a wasanni 31. Ya sha gaban Shane Pinto na North Dakota da Dryden McKay, mai tsaron gidan Minnesota State. Bemidji State ta fitar da ƙungiyarsa tun a zagayen farko, amma cikin 'yan watanni sai ga shi a wasan ƙarshe na kofin Stanley tare da Montreal Canadiens, inda Tampa Bay ta doke su.

Jack LaFontaine na Minnesota ne gwarzon masu tsaron gida, Thomas Bordeleau na Michigan gwarzon sababbin shiga, sai Mike Hastings na Minnesota State gwarzon masu horarwa.

Lambar mata, wadda aka fara bayarwa a 1998, tana tunawa ne da Patty Kazmaier, ita ma tsohuwar 'yar wasan Princeton da ta rasu a 1990. Aerin Frankel, mai tsaron gidan Northeastern, ita ta karɓe ta. Ke nan lambobin biyu na ɗauke da sunayen ɗaliban jami'ar da ba ta buga wasa ko ɗaya ba a wannan shekara.

Abin da ya biyo baya

Masu sukar gasar sun ce kofin da aka ci babu Cornell da Harvard, kuma aka fitar da Michigan da Notre Dame a ɗakin gwaji, bai kai na sauran shekaru daraja ba. Wasu kuma na cewa Massachusetts ta doke mai riƙe da kofi alhali ita ma cutar ta rage mata ƙarfi, don haka babu abin da za a rage mata.

Domin rage raɗaɗi, NCAA ta ƙara wa 'yan wasan hunturu na wannan kaka shekara guda. Hakan ya taimaki tsofaffin ɗalibai, amma ya rage guraben da matasa masu tasowa ke jira, har na tsawon wasu shekaru.

Wasu jami'o'in kuma sun jima ba su farfaɗo ba. Robert Morris, wadda ta karɓi baƙuncin wasannin Pittsburgh, ta rushe ƙungiyoyinta na maza da mata a watan Mayun 2021, kuma sai da magoya baya suka yi gangamin tara kuɗi kafin su dawo a 2023. Alaska Anchorage ma ta hanyar gudummawar jama'a ta tsira, ta koma fili a 2022.

An koma ga cikakken tsarin gasar a kaka ta gaba, inda Jami'ar Denver ta ɗauki kofin a birnin Boston a watan Afrilun 2022, bayan ta doke Minnesota State a gaban zaure cike da 'yan kallo.