Hoton jijiyoyin ido: dalilin da ya sa ake fara gwada na'urar a kan masu lafiya

Ido na daga cikin 'yan wuraren da likita ke iya kallon ƙananan jijiyoyin jini ba tare da an yi wa mutum tiyata ba. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ake kira retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Ciwon sukari, hawan jini da amosanin jini duk suna barin tabo a jijiyoyinsa, galibi tun kafin mai ciwon ya lura ganinsa ya ragu.

Tun daga 1961 likitoci ke ɗaukar hoton waɗannan jijiyoyi ta hanyar ɗura wani ruwa mai launi a jijiyar hannu, su jira ya isa ido. Hanyar na aiki har yau, sai dai takan sa wasu tashin zuciya, jefi-jefi kuma jiki ya ƙi ruwan. A 1991 David Huang da James Fujimoto da abokan aikinsu a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da fasahar OCT, mai amfani da haske wajen nuna retina hawa-hawa. Daga cikinta aka samo OCTA, wadda ta fara shiga asibitoci a wajajen 2015. Ita ba ta bukatar allura. Tana ɗaukar hoton wuri guda sau da yawa cikin ƙiftawar ido, duk inda ta ga sauyi tsakanin hotunan ta san ƙwayoyin jini ne ke tafiya, sai ta zana taswirar jijiyoyin.

Daga taswirar, kwamfuta kan fitar da alƙaluma. Biyu sun fi shahara: yawan filin da jijiyoyi suka rufe, da faɗin wani ɗan fili a tsakiyar retina wanda babu jijiya a cikinsa, mai kimanin rabin milimita daga gefe zuwa gefe. Idan ciwon sukari ya toshe jijiyoyin da ke kewaye da shi, filin sai ya ƙara buɗewa.

A nan ne batun amana ya taso. Idan aka auna majiyyaci yau, bayan wata shida aka ga adadin ya sauka, ciwon ne ya ƙaru ko kuwa na'urar ce ta yi tangal-tangal? Domin samun amsa, masu bincike kan tara mutanen da idonsu lafiya lau, su auna su sau biyu ko uku a zama guda, su sake a wata rana, wani lokaci da wani ma'aikacin daban. Tunda babu cutar da za ta sauya komai, duk bambancin da aka gani na na'ura ne da yadda aka sarrafa ta. Sauyin da bai wuce wannan iyaka ba, bai isa a kira shi ci gaban cuta ba.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa na'ura ɗaya, da tsarin ɗaukar hoto ɗaya, kan maimaita sakamako mai kusanci sosai, musamman a hawan jijiyoyin da ke sama. Hawan da ke ƙasa ya fi wuya, saboda inuwar jijiyoyin sama na faɗawa a kansa. Amma da zarar an sauya kamfani, lissafi ya sauya. Zeiss, Optovue, Topcon da Heidelberg kowanne da dabarar da yake bi wajen raba hawa-hawan da ƙirga jijiyoyi. Tamkar tiya ce: ta wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba, ko da hatsin ɗaya ne. Haka ma hoton fili mai milimita 3 a kan 3 ba a gwama alƙalumansa da na 6 a kan 6.

Akwai kuma abubuwan da ke gurɓata awon daga ɓangaren mutum. Motsin ido da ƙiftawa na yanka hoton. Yanar ido da bushewar ido na rage ƙarfin hasken, sai jijiyoyin su bayyana kamar sun yi ƙaranci. Tsawon ƙwayar ido na sauya girman abin da aka auna idan ba a gyara lissafin ba. Shekaru ma na rage yawan jijiyoyin sannu a hankali, kuma faɗin filin tsakiya ya bambanta ƙwarai tsakanin masu lafiya.

Maganar ta shafi Afirka kai tsaye. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon sukari kan samu matsalar retina. Amosanin jini, wanda Nijar ta ware wa cibiya ta ƙasa a Yamai, shi ma yana toshe waɗannan jijiyoyi. Amma mafi yawan alƙaluman da ake ɗauka a matsayin mizanin lafiyayyen ido an tattara su ne a Amurka, Turai da Asiya, abin da ke nuna bukatar a auna lafiyayyun idanun 'yan Afirka su ma.

Ga majiyyacin da ake bibiyar idonsa da OCTA, abin da ya fi amfani shi ne ya riƙa komawa kan na'ura ɗaya, ya adana takardun sakamakonsa. Idan dole ta sa ya sauya asibiti, awon farko a sabon wurin shi ne sabon mafari. Kuma hoton ba ya maye gurbin duba ido da ake shawartar mai ciwon sukari ya yi aƙalla sau ɗaya a shekara.