Sisiliya: Tsibirin Italiya Da Tarihin Afirka Da Na Turai Suka Haɗu A Cikinsa

Akasarin 'yan Najeriya suna jin sunan Sisiliya ne a labaran bakin haure da ke ratsa Bahar Rum, musamman waɗanda ke sauka a ƙaramin tsibirin Lampedusa da ke ƙarƙashin yankin. Sai dai Sisiliya na daga cikin yankunan Italiya da suka fi jan masu yawon buɗe ido, domin Girkawa da Rumawa da Larabawa da Turawan Norman duk sun mulke ta, kuma kowannensu ya bar gine-ginen da ake gani har yau.

Sisiliya ce tsibiri mafi girma a Bahar Rum, tana da mutane kusan miliyan biyar. Mashigin Messina, wanda faɗinsa ya ɗan haura kilomita uku a inda ya fi tsukewa, shi ya raba ta da sauran ƙasar Italiya. A nan ne ake loda jirgin ƙasa da fasinjojinsa a cikin jirgin ruwa domin a tsallaka da shi.

Palermo, babban birnin yankin

A shekarar 827 ne rundunar daular Aglabawa daga Tunisiya ta sauka a tsibirin, a 831 kuma ta kama Palermo. Ibn Haukal, wanda ya ziyarci birnin a ƙarni na 10, ya ruwaito cewa akwai masallatai kusan 300 a cikinsa. Turawan Norman sun ƙwace shi a 1072, amma sarakunansu suka ci gaba da aiki da magina da marubuta Musulmi da Girkawa. Daga wannan haɗin aka samu salon ginin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Wurin da ya fi nuna wannan salo shi ne majami'ar Cappella Palatina da ke cikin fadar sarakunan Norman, wadda aka keɓe a 1140. An lulluɓe bangonta da zane na ƙananan guntayen gilashi masu ruwan zinariya, aikin Girkawa, rufinta na katako kuwa an sassaƙa shi tamkar saƙar zuma, irin wanda aka sani a gine-ginen Musulmi. A ƙofar babbar majami'ar birnin, wadda aka gina a inda masallaci ya taɓa zama, akwai ginshiƙin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani. Fadar Zisa ma sunanta ya samo asali ne daga kalmar Larabci "al-Aziz".

A fadar Sarki Roger na Biyu ne masanin ƙasa al-Idrisi ya kammala littafinsa da taswirar duniya a 1154. A ciki ya yi bayanin tsohuwar daular Ghana da birnin Gao da garuruwan Kanem, wato tun a wancan zamani ana nazarin ƙasashen kudu da Sahara a Palermo.

Kilomita kaɗan daga birnin akwai majami'ar Monreale, wadda zanen gilashin da ke bangonta ya haura murabba'in mita 6,000. Mai son ganin rayuwar yau da kullum kuwa sai ya nufi kasuwannin Ballaro da Capo, inda masu kifi da kayan lambu ke tallata hajarsu da babbar murya.

Abin da Girkawa suka bari

A kudancin tsibirin, kusa da Agrigento, akwai wurin da ake kira Kwarin Ɗakunan Bauta. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne na Concordia, da aka gina a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya tsira kusan cikakke ne saboda daga baya an mayar da shi majami'a, don haka ba a kwashe duwatsunsa ba.

A gabas kuma akwai Sirakusa, garin da aka haifi masanin lissafi Archimedes. Dandalin wasan kwaikwayon da Girkawa suka sassaƙa a jikin dutse yana nan, kuma ana amfani da shi duk shekara. Tsohon garin yana kan ƙaramin tsibirin Ortigia, wanda ake zagayawa da ƙafa.

Dutsen Etna da garuruwan gabas

Etna dutse ne mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 3,300, kuma yana cikin mafiya yawan motsi a Turai. A 1669 narkakken dutsen da ya amayo ya kai har birnin Catania, a wasu lokutan kuma tokarsa kan sa a dakatar da zirga-zirga a filin jirgin saman birnin. Duk da haka mutane ba su ƙaurace wa gindinsa ba, domin tokar na ƙara wa ƙasa albarka, ana noman lemo da inabi da zaitun. Hawa can sama sai da ɗan jagora, kuma hukumomi kan rufe hanya idan dutsen ya motsa.

Girgizar ƙasa ta 1693 ta rushe garuruwa da dama a kudu maso gabas. Noto da Ragusa da Modica, waɗanda aka sake ginawa bayanta, a yau suna cikin jerin UNESCO. Daga tsohon dandalin Taormina, garin da ya karɓi taron ƙasashen G7 a 2017, ana hango teku da Etna a lokaci guda.

Abinci da shirin tafiya

A ƙarƙashin mulkin Larabawa ne noman rake da lemon tsami da sababbin dabarun ban ruwa suka bunƙasa a tsibirin, kuma ana ganin tasirin haka a girki. A yankin Trapani ana cin kuskus da kifi. A ko'ina kuma ana sayar da arancini, wato dunƙulen shinkafa da ake cusa wa nama ko cuku a soya. Wanda ba ya cin naman alade yana da kyau ya tambaya kafin ya saya.

Watannin Afrilu zuwa Yuni, da Satumba zuwa Oktoba, su suka fi dacewa da ziyara. Yuli da Agusta lokacin cunkoso ne da tsananin zafi: a ranar 11 ga Agustan 2021 an auna digiri 48.8 a ma'aunin Selsiyus kusa da Sirakusa, mafi girma da aka tabbatar a Turai.

Ɗan Najeriya na buƙatar bizar Schengen, wadda ke ba da damar zama na kwana 90 a cikin kwana 180. Kasancewar tsibirin na da faɗi, mai mako guda zai fi amfana idan ya zaɓi ɓangare ɗaya: ko yamma, wato Palermo da Monreale da Agrigento, ko gabas, wato Catania da Etna da Sirakusa.