Cin Zalin Ɗalibai: Dokar da Ta Yi Aiki a Legas Ta Shafi Yasore

Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshen wata shari'a da aka daɗe ana tafkawa. Alƙalai biyar cikin bakwai suka ce ɗaliba Musulma tana da 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. 'Yan matan da suka kai ƙara, tare da Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, sun sha kaye a babbar kotun jihar a 2014, suka yi nasara a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, gwamnati kuma ta ƙi haƙura. Ana cikin wannan dambarwa aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja a Disambar 2017 saboda ta ƙi cire hijabinta, sai a 2018 aka rantsar da ita. A 2021 kuma gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a Ilorin kan wannan rigimar.

Madogarar masu ƙara ita ce Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa a fili da ɓoye, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. Sashe na 42 ya haramta nuna bambanci, kuma bai tsaya ga addini ba: ya ambaci ƙabila, da asalin mutum, da jinsi, har da yanayin haihuwarsa.

Wannan sashe na biyun shi ne ya fi shafar mutanen Yasore, a yankin Batsari da Safana. A can babu mai hana yarinya hijabi, domin yana cikin kayan makaranta. Malami Musulmi ne, ɗalibi Musulmi, mai cin zalin ma Musulmi ne, kuma wannan ne ya sa ba a cika kiran abin da sunansa ba.

Garuruwan da ke bakin dajin Rugu sun ga tashin hankali. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar, cikin ƙaramar hukumar Batsari. Iyalai da dama daga ƙauyukan yankin sun kwashe 'ya'yansu zuwa garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko birnin Katsina. Yaron da ya rasa shekara biyu ko uku na karatu yakan dawo aji ya tarar ya fi kowa tsawo, ya kuma fi kowa baya. Ba shi da yunifom, takalminsa silifa ne, littafi ɗaya yake rubuta komai a ciki. Kafin mako ya zagayo sunansa ya ɓace, ya koma "ɗan gudun hijira".

Na ɗan Bafulatani ya fi ciwo. Wataƙila mahaifinsa na cikin waɗanda aka fara kore wa shanu, amma a filin makaranta shi ne "ɗan ɓarayin daji", ko "infoma". Idan malami ya ji ya yi murmushi kawai, to ya sa hannu. Yaron da aka tsangwama har ya daina zuwa aji, daji ne ke jiransa, kuma kowa a Batsari ya san abin da ke cikin dajin.

Sai makarantun kwana. Bayan da aka sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disambar 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, gwamnati ta rufe makarantun kwana, hankali kuma ya koma kan katanga da masu gadi. Hakan daidai ne. Sai dai katanga ba ta shiga tsakanin siniya da jiniya. Ɗibar ruwa da asuba, wanki da guga, tsallen kwaɗo a tsakar dare, ƙwace garin kwaki da ƙuli-ƙulin da uwa ta ƙulla wa ɗanta: tsofaffin ɗalibai kan ba da labarin suna dariya, su ce horo ne. Wanda ya gudu gida bai koma ba, ba a jin nasa labarin.

Doka dai akwai ta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, Jihar Katsina kuma ta yi dokar kare yara a 2020. Inda gizo ke saƙar shi ne kai ƙorafi. Uban da ke ƙauye yana jin nauyin malami, yana kuma tsoron a huce kan ɗansa, sai ya ce wa yaron ya yi haƙuri.

Hanyar kuwa a fili take. Ana farawa da malamin aji da hedimasta ko firinsifal, sai kwamitin kula da makaranta, wanda galibi mai unguwa da liman da wakiliyar mata ke ciki, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Idan abin ya kai ga rauni, akwai 'yan sanda da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a Katsina. Ya fi kyau ƙorafin ya kasance a rubuce, da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, ko da ajami uba zai rubuta shi, ya kuma ajiye kwafi a gida.