Mesa a Fadamun Hardawa da Ƙasar Katagum: Amfaninta ga Manomi da Hanyoyin Kiyaye Ta

Gabatarwa

Mesa ita ce macijiya mafi girma a nahiyar Afirka. Tana son zama kusa da ruwa, cikin duhuwar itatuwa da ciyayin bakin rafi, irin wadda ake samu a gaɓar Kogin Misau da Kogin Jama'are. Manoman Hardawa da Azare da kewaye sun san sunanta da fatarta, amma kaɗan ne suka san irin aikin da take yi musu a gona. Yau ganinta ya yi wuya a wurare da yawa, don haka ya kamata malaman gona su wayar wa manoma kai game da ita.

Kamanninta da Rayuwarta

Babbar mesa takan kai tsawon mita 3 zuwa 4, wani lokaci ma ta zarce haka. Jikinta ruwan ƙasa ne mai manyan zane-zane masu duhu, kuma a bisa kanta akwai tabo mai kamar kan mashi. Ba ta da dafi. Tana kama abincinta da haƙora, ta kanannaɗe shi har ya mutu, sannan ta haɗiye shi ɗungurungum. A leɓɓanta akwai 'yan ramuka masu jin ɗumin jikin dabba, da su take farauta cikin duhun dare. Ta iya iyo sosai.

Macen takan yi ƙwai 20 zuwa 50 a cikin tsohon suri, ko ramin dabgi, ko kogon itace. Takan naɗe a kansu wata biyu zuwa uku, ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe. A wannan lokaci ne mafarauta suka fi samunta cikin sauƙi, kuma kashe uwa ɗaya asarar dukan ƙwan ne.

Amfaninta ga Manomi

'Ya'yan mesa da matsakaitanta sun fi cin ɓera da gafiya da gyazbi da kurege. Waɗannan su ne ke tone irin gyaɗa, su yanke shinkafa da rake a fadama, su kuma ɓata hatsi a rumbu. Ban da wannan, wani nau'in ɓeran gida shi ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, kuma Jihar Bauchi tana cikin jihohin da suka fi fama da shi. Duk inda masu cin ɓera suka ragu, ɓera yakan samu sarari, manomi ya koma sayen guba, wadda kuma takan halaka kaji da kyanwa.

Gaskiya ne babbar mesa takan ɗauki kaza ko ɗan akuya. Maganin wannan shi ne gyara akurki da garke, kamar yadda za a bayyana a ƙasa.

Abubuwan da Ke Rage Yawanta

1. Sare duhuwar bakin rafi don noman rani da itacen girki.
2. Ƙona daji da kaka, wanda ke cinye maɓoyarta da abincinta.
3. Farautarta don fata da nama da kitse.
4. Kashe duk macijin da aka gani saboda tsoro.

A sani cewa dokar tarayya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka kuma gyara a 2016, ta haɗa da mesa. Haka nan yarjejeniyar duniya ta CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikinta, ta hana fitar da fatarta waje sai da izini.

Bambanta Mesa da Kasa

Wannan yana da matuƙar muhimmanci, domin 'yar mesa takan yi kama da kasa, ita kuwa kasa dafinta na kisa ne. Kasa gajera ce mai kauri, da wuya ta wuce mita 1 da yawa, kanta faffaɗa ne, jelarta guntuwa, kuma takan yi huci mai ƙarfi. Duk da haka, kada kowa ya matsa kusa don tantancewa. A ja da baya, a ba maciji hanya.

Shawarwari ga Manoma

1. A bar itatuwa da ciyayi a gaɓar rafi. Yin haka yana kuma hana zaizayar ƙasa.
2. Kada a rushe tsohon suri da ke wajen gona, kada kuma a cinna wa rami wuta.
3. A toshe kafofin akurki, a riƙa shigar da ƙananan awaki da dare.
4. A share ciyawa da tarin kara daga jikin ɗaki da rumbu.
5. A sa dogon takalmin roba a fadama, a riƙe tocila da dare.
6. Idan babbar mesa ta shiga gari, a janye yara, a sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji.
7. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibiti a Misau ko Azare. Akwai kuma asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Ko cizon mesa ma yana bukatar wanki da magani, don yakan ruɓe.

Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi.