Direban Jibiya, Kafin Ka Zargi Batir Duba Wayar At

Duk wanda ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, ya wuce Magama ya tsallaka Ɗan Isa ya nufi Maraɗi, ya san har yanzu tsofaffin motoci na ɗauke da kaso mai yawa na fasinja da kayan wannan hanya. Akwai Fijo 504 da 505, da J5, da tsofaffin Golf. Ita 504 tun 1968 ta fito a Faransa, kuma kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru kusan talatin yana harhaɗa ta. Injinan waɗannan motoci suna da juriya, bakanike ya sha sauke su ya mayar. Amma wayoyinsu, da yawa tun na kamfani ne, sun bushe sun tsattsage, kuma ba a tuna da su sai ran da mota ta ƙi tashi ko hayaƙi ya turnuƙe daga bonet.

Wadda aka fi mantawa da ita a cikinsu ita ce wayar at. Wutar mota zuwa ce da dawowa, kamar lodin Maraɗi: in babu hanyar komowa, ba a fara tafiyar ba. Tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi jar waya zuwa sitata ko fitila, sannan ta komo kan batir mai alamar − ta jikin ƙarfen motar. To amma inji a kan robobi yake zaune don rage jijjiga, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta. Shi ya sa aka ɗaura wata kakkaurar waya, sau da yawa saƙaƙƙiya mai faɗi, daga inji ko giyabos zuwa bodi, wata kuma daga bodi zuwa batir. Batirin bolt 12 ne kacal, amma lokacin tayar da inji sitata na jan wutar da ta haura amfiya 100, kuma duk ta wannan waya za ta komo.

Hanyar kan iyaka tana cin wannan waya fiye da ta cikin gari. Shingayen bincike suna da yawa, ga jiran kwastam da jami'an shige da fice, ana kashe mota ana tayarwa ba adadi. Ramuka da lodi mai nauyi suna sassauta noti. Ƙurar hunturu ta cakuɗu da baƙin mai ta daskare a mahaɗa, damina ta zo da tsatsa. Motar da aka jingine ma ba ta tsira ba: waɗanda suka ajiye nasu lokacin rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022 da aka buɗe ta Jibiya, ko daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, su sani cewa tsatsa ba ta hutawa don mota ta huta.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas kawai, ko injin ya juya da ƙyar alhali batirin sabo ne. Fitilar gaba ta yi ja-ja-ja. Ka kunna fitila allurar zafi ta haura ba dalili. Ka taka birki sigina ta kama ƙiftawa, wanda ke nuna at ɗin fitilun baya ya saki. Mafi hatsari ita ce wayar totur ko ta cok ta yi zafi, ko ta riƙa maƙalewa. Ma'anarta wuta ta rasa hanyarta, ta koma bin siraran wayoyin da ba a yi su don haka ba. Suna iya yin jajir su narkar da robarsu, ga su kuma dab da kafireto da tiyon fetur. A motar da ake ɗaukar jarkar mai a but, tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwai gwajin da kowane direba zai iya yi. Ka samu kakkaurar wayar jan wuta, ka maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar −, ɗayan a wani noti mai tsabta a jikin inji, nesa da kafireto da fanka, sannan ka tayar. In motar ta tashi garau, batirinka lafiya lau, wayar at ce ta gaza. Mai wayarin da ke da mita zai auna tsakanin waɗannan wurare biyu ana cikin tayarwa: in ya kai rabin bolt, akwai matsala. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in mota a kashe take, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 in inji na aiki.

Gyaran bai kai kuɗin sabon batir ba ko kusa. A fara cire kan batir mai alamar −, kuma shi za a mayar a ƙarshe, domin in aka fara da + sifana ta taɓa bodi, wuta za ta tashi. A kwance wayar, a goge bakinta da mazauninta da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ba fenti ba tsatsa, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a kai. In saƙar ta fara tsinkewa ko ta yi kore, a canza ta da mai kaurinta ko wadda ta fi ta, a bar mata ɗan sassauci saboda inji na motsi. A tabbatar ta jan ƙarfe ce tsantsa: a kankare bakinta, in cikin ya fito fari, shafe ce aka yi mata. Araha ba ta ado. Bayan duk wani saukar inji ko giyabos, ka ce wa bakanike: "Maigida, nuna min inda ka mayar da at." A nan ake yawan mantawa da ita.

Wasu al'adun gareji kuma ya kamata a bar su. Ɗaure fis da zaren waya ko takardar kwalin taba cire mai gadi ne daga bakin ƙofa, domin an yi fis ne ya ƙone a madadin motar. In ya sake ƙonewa, a nemo inda waya ta goge ta taɓa bodi. Cusa ƙusa a kan batir da dukansa da dutse na fasa batirin. Cire kan batir inji na aiki, wai don a gwada caji, na iya kashe altaneta. Haɗa ƙarin fitila ko rediyo kai tsaye daga batir ba fis, a naɗe da leda, neman gobara ne. Duk wayar da ta ratsa hujin bodi a sa mata roba.

Kowa ya san halin tsaron wannan yanki. Mota ta mutu a daji bayan la'asar ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga direba da fasinja. Don haka shugabannin tasha su sa duba wayar at da kan batir cikin sharuɗɗan lodi, tare da na'urar kashe gobara wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ke tambaya. Direba kuma ya duba tasa duk ran juyen mai, da farkon damina da ƙarshenta. Fasinjan da ya ji warin roba na ƙonewa kada ya ji nauyin kowa: ya ce a tsaya, a kashe mota, kowa ya sauka.