Abin da ya kamata ku sani game da gwajin eksozom a jini

Ƙwayoyin halittar jikinmu suna sakin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi cikin jini da fitsari, har da ruwan nono. Sunansu eksozom. Faɗin kowanne tsakanin nanomita 30 ne zuwa 150, don haka madubin da ake duba ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da shi ba zai nuna su ba.

A 1983 aka fara lura da su, a jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama ƙosawa ba, kuma Rose Johnstone ta Jami'ar McGill a Kanada ce ta raɗa musu suna a 1987. An daɗe ana musu kallon shara, sai a 2007 masana a Suwidin suka nuna cewa suna ɗaukar saƙon RNA daga wata ƙwaya zuwa wata.

Gwajin da ake magana a kai yana auna amino asid ne a cikin eksozom. To mene ne amino asid? Su ne tubalan gina furotin, iri 20. Auna su a jini tsohon aiki ne: tun shekarun 1960 gwajin Robert Guthrie ke gano jariran da jikinsu ba ya iya sarrafa amino asid mai suna fenilalanin, da ɗigon jini daga diddige. Sai dai abin da ke yawo a ruwan jini yakan canza da abinci. Wanda ya ci wake da nama, awonsa zai bambanta da na mai azumi. Shi kuwa eksozom fatarsa na tsare abin da ke ciki, kuma yana ɗauke da alamun ƙwayar da ta sake shi. Ƙwayoyin cutar daji da yawa suna zuƙar amino asid mai suna gulutamin fiye da kima, shi ya sa ake fatan a hango irin wannan sauyi tun ciwo bai bayyana ba, ba tare da an yanki tsoka ba.

Wahalar tana wajen tace eksozom daga jini. Ana juya ruwan jinin a na'ura da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, duk da haka ƙwayoyin kitse na jini kan bi su, su gurɓata sakamako. Abin da ake samu kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, sai na'urar auna nauyin sinadarai mai tsada ke iya tantance shi.

A ganina aikin ya cancanci a zuba masa kuɗi, amma har yanzu yana matakin bincike. Duk wanda ya ce zai gano muku cutar daji da wannan awo a yau, ku nemi shawarar likita kafin ku biya.